Shin Talauci Ne Ya Cika Masallatan Kano?

Wani abokina da ya yi karatu a Turai yana yawan cewa da za a gyara wuta da asibitoci, a sama wa matasa aiki, da rabin sahun masallatan Kano ya watse. A ganinsa mutum ba ya ɗaga hannu sama sai ya rasa mai share masa hawaye a ƙasa. Maganar tsohuwa ce. Tun 1844 masanin falsafa ɗan Jamus Karl Marx ya kamanta addini da ƙwayar da ke kashe wa talaka raɗaɗi.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa ba kuɗin magani ya san yadda addu'a ke ƙara tsawo. Amma ban yarda nan ne tushen ba.

Marigayi Alhaji Aminu Dantata ya rasu a 2025, kuma burinsa shi ne a binne shi a Madina, aka kuma yi. Wane talauci ne ya sa masa wannan buri? Tarayyar Sobiyat ta shafe shekaru kusan 70 tana rufe coci da masallatai, tana koya wa yara cewa babu Allah. Da ta rushe a 1991, mutane suka koma wuraren ibadarsu kamar jiya aka rabu. Ƙididdigar cibiyar Pew ta Amurka ta nuna a 2010 mutum 84 cikin 100 a duniya suna da addini, ciki har da masu ci su ƙoshi.

Mu ma nan, tun kafin Wangarawa su kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, Barbushe yana hawa Dala ya kawo wa jama'a saƙon Tsumburbura. Hanyar ɓata ce, amma ƙishirwar neman abin bauta tana nan. Malamanmu suna kiranta fiɗira.

Ni inda na fi ganinta shi ne maƙabartar Dandolo. A tsaya a kalli fuskokin mutane lokacin da aka jera itace, aka fara yaɓa ƙasa. Mai shadda da mai yagaggiyar riga duk shiru, kowa yana ƙiyasta tsawon ramin da nasa tsawon. Tambayar da ke zuwa a wannan minti, ina ya tafi, ni kuma yaushe, babu albashin da ke amsa ta. Lahadi a Sabon Gari, cocin da ke cika har waje, ita suke nema wa amsa ta tasu hanyar.

Sai kuma amana. A Kantin Kwari na ga an ɗaure wa wani baƙo dilar atamfa bashi, ba takarda ba shaida, mai shagon ya ce masa kawai, "Alhaji, tsakaninka da Allah." Kasuwar da ba ta iya jiran kotu dole ta dogara da Mai gani a ɓoye. (Masu cin amanar suna nan, har da na sahun gaba, da 'yan siyasar da carbinsu ke fitowa daf da zaɓe. Wannan zance ne na wata rana.)

Makon jiya mahaifiyar abokin nawa ta rasu. Shi ya fara shiga ramin don karɓar ta, bakinsa yana motsi, ban kuwa tambaye shi me yake karantawa ba.