Kuɗin ɗan takara: abin da na gani a Amurka da abin da na baro a Tawa

Shekarata biyu da zuwa Amurka aka yi zaɓen 2012. A lokacin ina aikin dare a wani babban sito a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, garin da 'yan Nijar suke da yawa. In muka zauna cin abinci tsakar dare, hirar abokan aikina ba ta wuce Mitt Romney, ɗan takarar jam'iyyar Republican, wanda aka ƙiyasta dukiyarsa ta kai dala miliyan 250. Ni da na taso a Tawa na ɗauka wannan dukiya ita ce babban makaminsa. Sai na ji wata dattijuwa Baturiya, wadda ta fi shekara ashirin tana aiki a wurin, tana cewa mutumin nan bai san irinmu ba. Ba ta ce ɓarawo ne ba, ba ta ce kuɗinsa sun yi yawa ba. Cewa ta yi bai san su ba.

Na daɗe ina juya maganar nan. Romney ya taɓa miƙa wa abokin takararsa Rick Perry hannu a bainar jama'a yana neman su yi caca ta dala 10,000, kuɗin da mai aikin sito zai yi watanni bai haɗa ba. Takardun harajinsa sun nuna abin da ya biya kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai. Daga baya aka fitar da wani bidiyo da aka ɗauka a ɓoye, yana gaya wa attajirai cewa kashi 47 cikin 100 na masu zaɓe sun dogara ne da gwamnati, ba aikinsa ba ne ya damu da su. Obama ya kayar da shi da wakilai 332, shi yana da 206. Amma bayan shekara huɗu Donald Trump ya fito yana bugun ƙirji da dukiyarsa, yana cewa shi babu mai iya sayensa, kuma wasu daga cikin mutanen da nake cin abinci da su suka bi shi. A 2020 kuma Michael Bloomberg ya zuba kusan dala biliyan 1 daga aljihunsa don neman tikitin jam'iyyar Democrat, ya tashi babu jiha ko ɗaya. Abin da na fahimta ke nan: a wurin mai matsakaicin ƙarfi na nan, yawan kuɗi ba ya tsayar da mutum, ba ya kayar da shi. Raini ne ba sa yafewa.

To mu fa a gida? Mu ba mu cika cewa masu matsakaicin ƙarfi ba, masu rufin asiri muke cewa: mushen lakkol, wato malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai shago a babbar kasuwa, dillalin albasar Galmi, wanda ya yi shekaru yana zuwa biɗa Abijan har ya gina ɗaki uku da kwano. Mahaifina mushe ne, a irin wannan gida na girma. Ina tuna shekarun 1990, bayan da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba, mahaifiyata na karɓo hatsi bashi. Mutumin da ya taso haka ya san lissafin albashi ciki da waje.

A nan ne na ga bambancin da ya fi kowane girma. Romney da Bloomberg da kuɗinsu suka shigo siyasa. Mu kuwa sau da yawa mutum kan shiga da babur, bayan shekara biyar a ga bene a Yamai, da gona, da motoci, 'ya'ya suna karatu a waje. Talakan ƙauye zai iya cewa Allah ne ya ba shi. Ma'aikaci ba zai iya faɗin haka da zuciya ɗaya ba, don ya san abin da ake biyan darakta, ya san abin da ake biyan minista, wataƙila ma ajinsu ɗaya a lakkol. Yana iya ƙirgawa ya ga ko shekara ɗari mutumin ya yi yana ajiye albashinsa bai taɓa ko dala ba, ba zai gina wannan bene ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 na sefa a wata, wannan lissafi yana ƙona rai. Shi ya sa har gobe dattawan ma'aikata in sun zauna sai sun ambaci zamanin shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, duk da tsananin mulkinsa: abin da suke tunawa shi ne jami'in gwamnati yana tsoron a ga ya yi abin da ya fi ƙarfin albashinsa.

Alhajin da ya tara dukiyarsa a kasuwa kuwa, wanda kowa ya ga tasowarsa tun yana tallan goro, ba a yi masa wannan kallo. Maƙwabtanmu ma haka: 'yan Binin sun zaɓi Patrice Talon, attajirin auduga, a 2016, 'yan Najeriya kuma sun fito wa attajiri M.K.O. Abiola ranar 12 ga Yunin 1993, Kudu da Arewa. Shi Alhaji tambaya ɗaya ake yi a kansa, shin hannunsa a buɗe yake? In an yi rasuwa yana zuwa? In an kai masa takardar magani yana karɓa? Mai kuɗin da ke da hannun jarirai ya faɗi tun kafin a buga ƙuri'a.

Amma akwai abin da ke damuna, kuma mu masu rufin asiri muna da hannu a ciki. Na je gida a farkon 2016, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen 21 ga Fabrairu. Wani tsohon malami, mutumin kirki da kowa ya shaida, ya tsaya neman kujerar depite, wato ɗan majalisa. Wani maraice muna shan shayi a fada na kawo maganarsa. Yayana, wanda shi ma malami ne, ya girgiza kai.

“Ƙanena, ka daɗe ba ka gida. Mutumin da ko kuɗin man mota ba zai iya ba matasa ba, wa zai bi shi? Tuwon girma miyarsa nama ce.”

Na ce, “Amma Yaya, kai ne jiya kake kukan waɗanda suka gina benaye.”

Ya ce, “Ni ne. Amma gara wanda ya ƙoshi. Mayunwaci in ya hau, sai ya cika cikinsa tukuna.”

Wannan magana ita ce dai na dawo na tarar ana yi a kan Trump, cewa mai kuɗi ba ya bukatar na kowa. Ban yarda da ita a can ba, ban yarda da ita a nan ba. Ban taɓa ganin dukiya ta sa mutum ya ce ya isa haka ba. Kuma ɗan takarar da ya raba atamfa da shinkafa da sukari da jika bibbiyu, ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba, zai kuma nemi uwar kuɗi da riba daga baitulmalin da ake biyan yayana albashi. Wanda ya karɓa kuma bakinsa ya mutu, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba na ganin laifin Yaya shi kaɗai. Abokiyar aikina ta Greensboro ba ta taɓa tunanin zuwa ƙofar ɗan majalisa da takardar magani ba, tana da inshorar wurin aiki, ko da tana kuka da tsadarta. Yayana kuwa mutum fiye da goma sha biyar ne ke kallon albashinsa. Ranar da ciwo ya shigo gida, ko aka kori yaro don kuɗin makaranta, dole ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Yana ƙin dukiyar ɗan siyasa a zuci, yana kuma bukatarta a aljihu, kuma ranar zaɓe aljihun ne ke rinjaye. Ga shi ma'aikata 'yan kaɗan ne a cikin masu zaɓe, ko da duk sun juya wa mutum baya, ƙuri'un karkara za su ɗauke shi.

Kundin tsarin mulkin 2010, lokacin da yake aiki, ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana kadarorinsu, amma ban taɓa jin an zauna a fadarmu an kwatanta abin da mutum ya shiga da shi da abin da ya fita da shi ba. A nan Amurka kuwa 'yan jarida da abokan hamayyarsa ne suka matsa wa Romney har ya fitar da takardun harajinsa, masu aikin sito suna tattauna su da tsakar dare.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba a yi zaɓe a gida ba. Makon jiya da muka yi waya da Yaya na sake tayar da maganar tsohon malamin nan, na tambaye shi ko yana nan. Ya ce yana nan, a gidansa na ƙasa da ya gada, yana karɓar fansho, yara suna zuwa yana yi musu bitar lissafi kyauta da yamma. Na ce in an dawo zaɓe ya sake tsayawa, ni zan aiko da kuɗin man motar. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce zai kai masa saƙon.