Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar wa?

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, wata doguwar mota fara takan shigo layinmu a nan Indiyanafolis, ta tsaya a ƙofar gidan da ke kallon nawa. A ciki akwai gado da murhun gas da firji da banɗaki, har da ɗan teburin cin abinci. RV suke kiranta, ni da uwargida kuwa motar-gida muke ce mata. Mafi yawan irinta a wannan jihar tamu ta Indiyana ake ƙera su, a yankin Elkhart. Masu ita wani dattijo ne da matarsa, iyayen matar maƙwabcina, dukansu sun haura saba'in. Da sanyi suna can Arizona, wajen wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite inda tsofaffi masu irin wannan mota ke taruwa a watan Janairu. Sanyi na wucewa sai su tayar, su ci kusan kilomita 3,000, wajen ninki uku na Kano zuwa Legas, don su zo su ga jikoki uku. Su yi mako shida, su wuce wajen ɗansu a wata jihar. Bayan shekara biyu-biyu kuma su ajiye motar su hau jirgi zuwa Jamus, inda autarsu ke aure.

Shekarar farko raina ya ɓaci. Na ce wa uwargida, "Dubi rashin tarbiyya. Gida mai ɗaki huɗu, amma an bar iyaye suna kwana a mota." Sai da na saba da dattijon, muna zama da yamma a kan kujerun da yake fitowa da su, na tambaye shi cikin ladabi. Ya ce shi ya zaɓi haka. A gadonsa yake kwana, ya tashi lokacin da ya ga dama, matarsa ta yi girki a tukunyarta. Mijin 'yarsa kuma ya ci gaba da zama maigida a gidansa, ba ya takura. Jikoki su ƙwanƙwasa ƙofa da safe, su shigo, a yi wasa, a ci abinci, dare ya yi kowa ya koma makwancinsa.

Na yi shiru, don wannan magana Bahaushe ya fi kowa saninta. Kunya ce. Wane dattijo ne a wajenmu zai kwana gidan surukinsa? Wane uba ne zai sake a falon da matar ɗansa ke kai da kawowa? Abin da ke hana iyayenmu maza zuwa wajenmu ke nan, shi kuma wannan tsoho ya samo masa magani, ya sa masa taya.

Ni ne ɗan fari a wajen Baba, ko sunana ba ya kira. Ya yi shekara 35 yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Sau uku ina roƙonsa ya zo ya ga jikokinsa. Amsarsa ba ta canzawa: "Yaro ke zuwa gaida babba. In Allah ya hore, ka kawo mini su." Na ce to, Baba, baɗi in sha Allah. Baɗi ta zo, na lissafa kuɗin jirgin mutum biyar da hutun aiki na mako biyu, na ɗage zuwa wata baɗin. Baba ya rasu a 2021. Babban ɗana kaɗai ya taɓa ɗauka da hannunsa. Sauran biyun a WhatsApp ya san su, yana riƙe wayar nesa da fuska, yana kiran ƙaramar "amaryata", ita kuma tana kallonsa kamar baƙo. Laifina ne fiye da na kowa, na sani. Amma har yau ina ganin da ya yarda ya taka sau ɗaya, girmansa ba zai ragu da komai ba.

Kada wani ya ce tsofaffinmu ba sa iya tafiya. Mu jikokin fatake ne da suka bi hanyar Gwanja da jakuna har Salaga neman goro. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna ci gaba, wasu su zauna can, shi ya sa har yau ake jin Hausa a Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Ko yanzu, mutum mai shekara saba'in zai sayar da shanu ya je aikin Hajji, ya yi ɗawafi da jifa cikin zafin rana, ya dawo da ƙarfinsa. Iyayenmu mata kuwa ba a magana: biki a Jos, suna a Gusau, gaisuwar rasuwa a Maraɗi, duk a motar haya, ƙafa a lanƙwashe. Ƙarfi akwai. Abin da aka shar'anta shi ne inda ƙafar za ta nufa, wato daga ƙarami zuwa babba. Wannan ƙa'ida tana da kyau, kuma an kafa ta ne lokacin da ɗa ke ƙauyen gaba, ko ya tafi ci-rani ya dawo da faɗuwar damina. Yanzu ɗa yana bayan teku, jikoki suna makarantar da ba ta san hutun Sallah ba, kuma tikitin tsofaffi biyu ya fi na iyali biyar ko shida sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai a yi adalci. Motar nan ba a kan iska take tafiya ba. Ba'amurke yana iya fara karɓar kuɗin tsufa na gwamnati daga shekara 62, cikakke kuma a 67 ga waɗanda aka haifa daga 1960, kuma kuɗin kan shigo kowane wata ba tare da ya je layi ba. A 65 ya shiga inshorar lafiya ta Medicare. Daga 62 yana iya sayen katin shiga gandun dajin ƙasa na har abada a kan dala 80. Manyan titunan da aka fara shimfiɗawa bayan dokar 1956 sun haɗa ƙasar daga wannan teku zuwa wancan, ya yi tuƙi da dare ba fargaba. Fasfonsa kuma ya isa ya shigar da shi Jamus na kwana 90 ba biza.

Namu fa? Ma'aikaci ya ajiye aiki a shekara 60, ya shiga zaryar tantancewa. Baba ya yi watanni yana jiran haƙƙinsa, ɗan abin da ya tara kuwa tuni ya tafi a karatunmu da aurar da ƙannena. Hanyar Abuja zuwa Kaduna sai da addu'a, jirgin ƙasan da mutane suka koma ma an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022. A 2025 bizar ziyara ta Amurka dala 185 ce, a biya ko an samu ko ba a samu ba, sai an je ganawa a Abuja ko Legas, kuma a watan Yulin 2025 aka mayar da ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku. 'Yan'uwanmu na Kanada sun fi mu samun sauƙi, don tun 2011 ƙasar ke da biza ta musamman ta iyaye da kakanni. Saboda haka ba cewa nake a saya wa Baba da Inna mota su zaga duniya ba. Akwai ma abin da ba na sha'awa ko kaɗan. Dattijon mai motar ya gaya mini sun sayar da gidansu, ranar da ido ya gaza tuƙi gidan kula da tsofaffi za su koma, har sun zaɓi wanda suke so. Ya faɗa hankalinsa kwance, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Inna ba za ta ga wannan rana ba muddin ɗayanmu yana numfashi.

Inda nake ganin mun gaza, mu 'ya'yan da ke waje, shi ne yadda muke kawo su idan sun yarda. Ba ma tunawa da uwa sai haihuwa ta zo. Inna ta fara zuwa ne a Janairun 2019, wankan jegon auta. Ƙanƙara ta rufe ko'ina. Mu fita aiki da asuba, mu bar ta da jariri da taga. Ba maƙwabciyar da za ta yi sallama, ba kiran sallah, ba tabarma a tsakar gida. Wata huɗu ta yi, ba ta taɓa ƙorafi ba, amma ta rame. Ran da na kai ta filin jirgi ta ce, "Allah ya yi muku albarka, amma gidanku ba kowa." Aiki muka kawo ta ta yi, muka sa masa suna ziyara. Wa zai ji labarin wannan a gida ya yi marmarin zuwa?

Zuwa na biyu na yi koyi da maƙwabta. Na bari sai lokacin zafi, a 2023. Na haɗa ta da ƙanwarta don ta sami abokiyar hira. Muka gyara musu ɗakin ƙasa mai ƙofarsa daban, da ɗan murhu, suka jera kukarsu da daddawa da busasshiyar kuɓewa yadda suke so. Na ɗauki hutu na gaske. Muka je Juma'a tare, muka kai su Shikago suka ga tafkin da ba a hango ƙarshensa, muka zaga gidajen Hausawan da ke kusa, aka yi ta kawo musu gaisuwa kamar yadda ya dace da manya. Da safe yara su sauka su durƙusa su ce, "Inna, ina kwana?" Ta ja na tsakiya ta ce, "Maigidana, yau ma ba kuɗin cefane?" Cikin wata biyu Hausar da na yi shekaru ina fama in sa a bakinsu ta fara fitowa da kanta, har da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Zuwan nata ya haɗu da na masu motar. Ba ta jin Turanci, tsohuwar ba ta jin Hausa, amma kullum da yamma suna zaune tare suna kallon jikoki na tseren keke. Wata rana tsohuwar ta kama hannunta ta shigar da ita ciki, na bi su don in yi tafinta. Inna ta duba murhun, ta buɗe firjin, ta taɓa labulen, ta tsaya a kan gadon ta daɗe. Sannan ta juyo, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Da Malam ya sami wuri nasa kamar wannan, da ya zo."