Lakar ruwan bahaya tana ba da wutar lantarki

Mutane da yawa sun ɗauka lakar da ke kwantawa a matatar ruwan bahaya sai dai a kwasa a zubar. Wannan asara ce babba. Idan aka rufe ta a tankin da iska ba ta shiga, bakteriya na cinye ta, su fitar da gas mai kamawa da wuta, lakar kuma ta ragu.

A matatar Blue Plains ta birnin Washinton, tun 2015 ake fara dafa lakar da tururi kafin ta shiga tanki. Gas ɗin, da ake ƙonawa don juya injin lantarki, na samar da kusan sulusin lantarkin da matatar ke amfani da shi, lakar da manyan motoci ke kwashewa kuma ta ragu da kusan rabi.