Sitiyarin Ɗaki da Sitiyarin Kwalta

Kwanakin baya mun yi doguwar gardama da wani yayana wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana tuƙi a kan manyan hanyoyi. Ya same ni a ɗaki na ɗaure sitiyarin wasa a jikin tebur, totur da birki suna ƙarƙashin ƙafata, ina zagaya wata hanyar tsere ta ƙasar Jamus a kan allo. Ya tsaya ya yi kallo na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ƙanena, duk wanda bai taɓa jin ƙaurin birki a hancinsa ba, bai san mota ba." Na ce masa, "Yaya, akwai gaskiya a maganarka, amma da saura." Ban samu na kammala masa bayani a ranar ba, shi ya sa nake so in shimfiɗa ra'ayina a nan, domin batu ne da ya daɗe yana cin raina, kuma ina ganin yawancin masu gardama a kansa sun tsaya a kan tambayar da aka riga aka amsa tun shekaru da dama da suka wuce.

Tambayar ita ce ko wanda ya ƙware a tseren mota na wasan bidiyo zai iya shiga motar tsere ta gaske ya yi abin kirki. A shekarar 2008 kamfanin motoci na Nissan da kamfanin Sony mai PlayStation suka haɗa kai suka kafa wata gasa mai suna GT Academy, inda ake tace waɗanda suka fi sauri a wasan Gran Turismo, a kai kaɗan daga cikinsu filin tsere na Silverstone da ke Ingila, a gwada su a cikin motoci na gaske, a zaɓi wanda za a horar. Wanda ya fara lashewa ɗalibi ne ɗan ƙasar Sifaniya mai suna Lucas Ordóñez. A farkon 2009 ya shiga tseren awa 24 na Dubai, kuma a 2011 shi da abokan tuƙinsa suka zo na biyu a rukuninsu a tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa, wanda yake cikin tsere mafi daraja da wahala a duniya. A wannan shekarar ce kuma wani saurayi ɗan shekara 19 da ya tashi a birnin Cardiff, Jann Mardenborough, ya yi zarra a cikin mutum kusan 90,000 da suka shiga gasar. Shekara biyu kacal bayan haka ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans, a 2014 kuma ya lashe tsere a gasar GP3 ta matasan direbobi a filin Hockenheim na Jamus, yana karawa da samarin da suka fara tsere tun suna firamare. A 2015 wasu biyu da suka fito daga wannan gasa, Wolfgang Reip na Beljiyam da Florian Strauss na Jamus, tare da Katsumasa Chiyo na Japan, suka lashe tseren awa 12 na Bathurst a Ostireliya. Idan da mutum ɗaya ne sai a ce sa'a ce ta faɗo masa, amma abin da ya maimaita kansa a ƙasashe daban-daban da motoci daban-daban ya wuce a kira shi katari.

Dalilin da ya sa hakan ya yiwu shi ne abin da na so yayana ya gane. Tseren mota, kafin ya zama aikin jiki, aikin kai ne da ido. Mai tsere yana bukatar ya san daidai wurin da zai taka birki kafin kowace kwana, ya san yadda zai shiga ta daga gefen waje, ya sunkuyo ya shafi bakinta na ciki, sannan ya bar motar ta buɗe zuwa waje yayin da yake ƙara wuta. Yana bukatar ya fahimci cewa idan ya taka birki nauyin mota yana komawa gaba, tayoyin gaba su ƙara kama ƙasa, na baya su yi sako-sako, don haka sakin birkin a hankali yayin shiga kwana yana da muhimmanci kamar taka shi. Yana bukatar ya koyi kai idonsa inda yake son zuwa tun bai isa ba, ya san lokacin da taya ta yi zafi fiye da kima ta fara santsi, ya san yadda ake laɓewa a bayan motar gaba domin ta tsaga masa iska kafin ya fito ya wuce ta. Duk waɗannan ana koyonsu a gaban allo, kuma ana koyonsu da kyau, domin manhajojin zamani irin su iRacing ana auna hanyoyin tseren da ke cikinsu da na'urar haske har sai an kwafe kowane tudu da kowane gargada, sitiyarin kuma yana da inji a ciki da yake ja yana saki a hannunka gwargwadon yadda tayoyin gaba suke riƙe ƙasa. Babban abin da ya fi duka shi ne yawan maimaici. Yaron da yake tsere da mota ta gaske, kowane zagaye kuɗi ne na mai da taya da makanike da hayar fili, don haka zagayensa a ƙidaye suke. Wanda yake ɗaki kuwa yana iya yin kwana ɗaya tilo sau dubu, ya gwada taka birki da wuri, ya gwada jinkirtawa, har hannunsa da ƙafarsa su haddace ta. Shi kansa Max Verstappen, wanda ya lashe kambun Formula 1, babbar gasar tseren mota ta duniya, sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, yana shafe sa'o'i masu yawa yana tsere ta intanet, kuma ba mutumin da zai ɓata lokacinsa a kan abin da ba ya ƙara masa komai ba ne.

To amma inda yayana yake da gaskiya, yana da ita sosai. A shekarar 2010 an ɗauki wani ɗan ƙasar Finland mai suna Greger Huttu, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a tseren kwamfuta, aka kai shi filin Road Atlanta a Amurka aka sa shi a ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya. Ya bi layin da ya kamata, ya taka birki a inda ya kamata, saurinsa ya ba ƙwararrun da ke wurin mamaki, amma jikinsa ya kasa: ya yi amai a cikin hular kwanonsa, kuma bayan zagaye kaɗan dole ya tsaya. Kujerar ɗaki ba ta jijjiga hanji. A motar Formula 1, idan aka taka birki da ƙarfi, jiki yana jin nauyin da ya kai ninki biyar na nauyinsa, kai da hular kwano suna neman tsinkewa daga wuya, ƙafar hagu kuma tana danna birki da ƙarfin da ya wuce nauyin babban mutum, kuma haka za a yi ta yi a kowane zagaye har fiye da awa ɗaya. A cikin rufaffun motoci zafi yana iya haura digiri 50, mutum yana cikin riga mai kauri da ba ta kama wuta. Shi ya sa waɗanda suka shirya GT Academy ba su taɓa ɗaukar mutum daga ɗaki su jefa shi cikin babban tsere ba. Sai da suka sa shi watanni yana motsa jiki, yana shiga ƙananan gasanni na cikin gida a Birtaniya ɗaya bayan ɗaya, yana tara shaidar alƙalan tsere har ya cancanci lasisin ƙasa da ƙasa. Mutane suna son labarin yaron da ya tashi daga kan kujera ya hau dandamalin nasara, amma suna tsallake waɗannan watanni na gumi da malamai, alhali su ne gadar.

Sai kuma abin da ya fi gajiya nauyi. Ranar 28 ga Maris 2015, a tsohuwar hanyar Nürburgring ta Jamus mai tsawon kusan kilomita 21, motar Mardenborough ta hau wani tudu da ake kira Flugplatz, iska ta shiga ƙarƙashinta, gabanta ya ɗaga sama, ta tashi ta tsallake shinge ta faɗa inda 'yan kallo suke, mutum ɗaya ya rasa ransa. Ba na kawo wannan don in ɗora wa saurayin laifi, domin bayan hatsarin hukumomin tsere sun ƙayyade gudu a wasu sassan hanyar, daga baya kuma aka gyara shi kansa tudun, abin da ke nuna matsalar ta fi ƙarfin direba ɗaya. Ina kawo shi ne domin wannan ita ce hanyar da nake zagayawa a ɗakina lokacin da yayana ya shigo, kuma na sha yin karo a wannan wurin, in danna maɓalli in sake farawa kamar ba a yi komai ba. Ba abin da zai shirya zuciyar mutum ga ranar da babu wannan maɓalli. Wasa yana cire tsoro, kuma cire tsoron yana taimaka wa koyo, amma direban gaske yana tuƙi ne da tsoron a zaune kusa da shi, yana sanin cewa kuskurensa zai iya taɓa ran wani ko ya cinye kuɗin da ƙungiyarsa ta tanada na shekara guda.

Wannan ne ya sa nake jin ɗaci idan na ga samarinmu suna juya motoci a kan titin gari ranar ɗaurin aure, ƙura ta turnuƙe, yara suna tsaye a bakin kwalta. Duk wanda ya yi tseren kwamfuta da gaske ya san cewa filin tsere yana da fegin tsakuwa da shingen tayoyi da motar asibiti a tsaye, kowa yana tafiya fuska ɗaya, babu mai keke babu ɗan talla. Ƙwarewar da aka samu a allo a can take da gurbi, kuma ko a can sai da lasisi.

Amma abin da na fi so a tattauna, wanda ake yawan kaucewa, shi ne kuɗi. Tseren mota sana'a ce da tun asali ƙofarta take kulle da kwaɗon dukiya. Hanyar da aka saba ita ce yaro ya fara da ƙananan motocin nan marasa rufi da ake kira kat tun yana ɗan shekara shida ko takwas, sannan ya hau matakan Formula 4, 3 da 2, kuma a matakan sama kujerar shekara ɗaya tana cin fiye da Yuro miliyan ɗaya, wanda direban ne ko masu ɗaukar nauyinsa suke biya. Lewis Hamilton ya fara kat yana ɗan shekara takwas, mahaifinsa yana haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda domin ya biya, kuma da McLaren ba ta ɗauke shi yana ɗan shekara 13 ba, da wuya ƙarfin gidansu ya kai shi inda ya kai. Alherin da wasan bidiyo ya kawo shi ne ya sa an fara ganin baiwar da a da take mutuwa ba wanda ya sani. James Baldwin ɗan Birtaniya ya yi kat yana yaro, kuɗi suka ƙare ya haƙura, ya koma tseren kwamfuta, ya lashe gasar World's Fastest Gamer a 2019, kuma a 2020 ya ci tserensa na farko a gasar British GT a filin Oulton Park. Duk da haka, da shekarar da aka biya masa ta ƙare, sai ya sake komawa neman mai ɗaukar nauyi. GT Academy kanta an rufe ta bayan 2016. Mardenborough, bayan shekarun da ya yi yana tsere a Japan, ya rabu da kujerarsa ta Nissan a ƙarshen 2020, ya kuma shafe shekaru ba shi da ta dindindin. A ɗaya ɓangaren, William Byron na Amurka ya fara ne da iRacing, bai shiga motar tsere ta gaske ba sai yana kusan shekara 15, ga shi ya lashe babban tseren Amurka na Daytona 500 a 2024 da 2025, amma shi mahaifinsa ya iya saya masa motar farko ya kuma tsaya masa. Bambancin da ke tsakanin waɗannan labarai bai tsaya a kan baiwa kaɗai ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne a daina tambayar ko ɗan wasa zai iya, a koma tambayar wane ne zai biya kuɗin shekara ta biyu da ta uku. Kamfanin da ya shirya gasa ya samu tallar da yake nema tun ranar da aka ɗaga kofi, amma direba ba ya nuna sai ya yi shekaru yana kuskure yana gyarawa a cikin mota ta gaske. Ina ganin duk kamfani ko ƙungiyar da ta ɗauko yaro daga ɗakinsa ta sauya masa rayuwa, hakki ne a kanta ta shimfiɗa masa hanya ta shekaru, ko a matsayin mai tsere, ko mai gwajin motoci, ko mai aiki a na'urar kwaikwayon tuƙi ta ƙungiya, kamar yadda McLaren ta ɗauki Rudy van Buren na Holand bayan ya lashe gasarta a 2017. Ga mu 'yan Afirka kuwa tazarar ta fi haka faɗi, tunda rabon nahiyar da tseren Formula 1 tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993, filayen kat kuma ƙalilan ne. Yaron da yake da sitiyari da intanet a Kano ko Yamai zai iya karawa da ɗan Jamus yau da dare, amma idan ya doke shi, ɗan Jamus ɗin yana da filin da zai je gobe da safe ya gwada jikinsa.

Da yayana ya dawo bayan sati guda na roƙe shi ya zauna ya gwada da kansa. Na sa masa wannan hanya ta Jamus. A kowace kwana yana taka birki tun daga nesa, a kowane tudu da ba ya ganin bayansa yana ɗaga ƙafa daga totur, kuma lokacinsa ya yi nisa ƙwarai da nawa. Ya kammala dukan kilomita 21 ɗin bai taɓa shinge ko sau ɗaya ba, abin da ni sai da na yi makonni kafin na iya. Da ya miƙe ya ce sitiyarin yana magana fiye da yadda ya zata, sai dai kujerar ce ba ta gaya masa komai.