Sak 4.5 a shekara uku, amma an sa shi gaban mai 16.5 a shekara ɗaya?

Wancan jerin hasashen zaɓen sabbin 'yan wasan NFL (babbar gasar ƙwallon Amurka) na 2025 da kuke ta tura wa juna tun jiya ya ɓata min rai ƙwarai, wanda aka ɗora Shemar Stewart a cikin goman farko, aka jefa Donovan Ezeiruaku can zagaye na biyu. Na karanta shi har ƙarshe, na karanta dalilan da mai shi ya kawo. Tsawo, nauyi, gudun yadi 40, tsalle. Ban ga layi ɗaya da aka ce Stewart ya kayar da kwatabak ba, wato ɗan wasan da ke jifa da ƙwallo. Kuma na san dalilin shirun, babu abin faɗa ne.

Shekara uku Stewart ya yi a jami'ar Texas A&M. A 2022 sak 1.5 ya yi (sak shi ne kayar da kwatabak kafin ya jefa ƙwallo). A 2023, 1.5. A 2024, sake 1.5. Ku haɗa da kanku, 4.5 ke nan. Ezeiruaku kuwa, a kakar 2024 kaɗai ya yi 16.5 a Boston College, ya kamo tarihin da Harold Landry ya kafa a makarantar a 2016, aka ba shi gwarzon tsaro na ACC, rukunin jami'o'in da makarantarsa ke ciki, aka ba shi kyautar Ted Hendricks. Ɗayansu ya yi aikin, duniya ta gani a talabijin mako bayan mako. Ɗayan ana yi mana alkawarin zai yi nan gaba. Shi ne za a ce mai alkawari ya shiga gaba?

Jama'a, mene ne aikin ɗan gefe a layin tsaro, wurin da su biyun ke bugawa? Ya isa ga mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa, ya kai shi ƙasa. Don haka ake biyansa kuɗin da ake biyansa. Tare masu gudu da ƙwallo yana ciki, na sani, amma babu ƙungiyar da ke kashe zaɓin goman farko don a tare mata gudu kawai.

Na san abin da ya ruɗe ku, Indianapolis ce. A Kombain, gwajin jiki da ake yi wa 'yan wasa a can kafin zaɓe, Stewart ya zo da tsawon ƙafa 6 da inci 5, nauyi wajen kilo 121, ya yi yadi 40 a sakan 4.59, ya yi tsalle sama inci 40. Abin mamaki ne, Allah ya yi halitta a nan, ban musa ba. To amma a gajeren wando aka yi wannan gudun, babu hular kwano, babu wani ƙato mai kilo 140 da ya tare masa hanya ya damƙe masa ƙirji. A filin dambe ba a tambayar tsawon hannun mutum, ana tambaya ne wa ya kashe, kuma a wane fage. Stewart ya shiga fage kaka uku cur. Ina waɗanda ya kashe?

Abin da ke ƙara ƙona min rai, an taɓa yin wannan a gabanmu, ba labari aka ba mu ba. A 2022 Jacksonville ke da zaɓin farko. Aidan Hutchinson na Michigan ya gama kakar 2021 da sak 14, uku daga ciki a kan Ohio State ranar da suka ci 42 da 27, ya zo na biyu a Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, bayan Bryce Young. Sai aka auna hannunsa aka ga inci 32 da ɗan ɗoriya, aka ce gajere ne. Travon Walker na Georgia hannunsa inci 35 da rabi, ya yi gudu a 4.51, duk zamansa a jami'a sak 9.5 ya yi. Trent Baalke, manajan Jacksonville a lokacin, ya ɗauki Walker. Detroit ko jinkiri ba su yi ba, suka miƙa sunan Hutchinson. Shekararsa ta farko a NFL ya yi 9.5, daidai abin da Walker ya tara a shekara uku a Georgia, ita kuma shekarar Walker ta farko ta ƙare da 3.5.

Za ku ce ai Walker ya gyaru, ya yi 10 a 2023, ya yi 10.5 a 2024. Madalla, ina taya shi murna. Amma Hutchinson ya yi 7.5 a wasa biyar kacal a 2024 kafin ƙafarsa ta karye a Dallas a watan Oktoba, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya, kuma duk da haka jimillarsa 28.5 ce, ta Walker 24. A cikin wasannin nan biyar akwai na Tampa Bay a watan Satumba, inda ya yi sak 4.5 a yini ɗaya. Ku sake duba lambar. Abin da Stewart ya yi shekara uku yana tarawa, mai gajeren hannu ya yi shi a wasa guda, a kan ƙwararru. Baalke dai Jacksonville sun sallame shi a watan Janairun 2025.

Yanzu sai a kawo min uzuri. Wai tsarin wasan A&M ne bai ba shi damar farauta ba. Nic Scourton a layi ɗaya suke, koci ɗaya, kaka ɗaya, ya yi sak 5 a 2024, ya fi na Stewart na shekara uku. Kuma Stewart ya yi wasa a ƙarƙashin Jimbo Fisher, ya yi a ƙarƙashin Mike Elko, an canza shugabanci, 1.5 ba ta motsa ba. Wai kuma SEC, rukunin da makarantar Stewart ke ciki, ta fi ACC zafi. Ta fi, wa ya ce ba ta fi ba? Myles Garrett a wannan makarantar ya yi, a wannan SEC ɗin, ya tara sama da 30 a shekara uku. Will Anderson ya yi 17.5 a Alabama a 2021. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma duk zafin SEC bai hana a gane waɗannan biyun ba.

Babban uzurin da kuka fi so shi ne yana matsa wa kwatabak lamba, yana isa kusa da shi. Na yarda yana isa. Ku kalli bidiyonsa a nutse, ba guntayen da ake yankowa ba. Za ku ga ya tashi kamar an harba shi, ya tura takul, ƙaton da ke kare kwatabak, baya da ƙarfin tsiya, ya iso, sai kwatabak ya ɗan matsa gaba taku ɗaya, shi kuma ya wuce da gudunsa hannu a miƙe, iska ya kama. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sannan ku buɗe na Ezeiruaku. Takun farko waje, ya yi kamar zai shiga ciki, takul ya miƙo hannu, ya kaɗe hannun, ya sauke kafaɗa har kusan ta taɓa cinyar mutumin, ya lanƙwasa ya zagayo, idonsa a kan ƙwallo. In takul ya rufe waje a karo na gaba, sai ya bi ta ciki. Yaron da shiri yake shiga fili, in dabara ta farko ta ƙi yana da ta biyu a aljihu. Duk abin sakan uku ne ko ƙasa da haka. A cikin sakan ukun nan gudun yadi 40 ba ya yi maka komai, domin tsakaninka da kwatabak bai kai yadi goma ba, kuma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. A gwajin zagaye mazugi uku, wanda shi ne ya fi kama da wannan lanƙwasar, Ezeiruaku ya yi ƙasa da sakan 7. Hannunsa ma inci 34 ne. Laifinsa kawai bai kai ƙafa 6 da inci 3 ba, kuma nauyinsa wajen kilo 112.

To, wannan laifin na rashin girma, wa aka fara ɗora wa? A 2014 Aaron Donald ya fito daga Pittsburgh da sak 11 da kamu 28.5 a bayan layi, ya kwashe kyaututtukan Outland da Lombardi da Nagurski da Bednarik duk a kaka ɗaya. Aka ce ƙafa 6 da inci 1 ya yi kaɗan a tsakiyar layi. Mutum goma sha biyu aka ɗauka kafin Rams su kira sunansa. Houston suka ɗauki Jadeveon Clowney na farko, mutumin da ya yi sak 3 a kakarsa ta ƙarshe a South Carolina, amma kowa na tuna bugun da ya yi wa ɗan Michigan har hularsa ta tashi. Donald ya yi ritaya da sak 111, gwarzon tsaro na NFL sau uku, da zoben Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL. Clowney har yau bai taɓa kai 10 a kaka ɗaya ba. Elvis Dumervil ya yi 20 a Louisville a 2005, aka bar shi har zagaye na huɗu saboda bai kai ƙafa 6 ba, ya gama da 105.5. Terrell Suggs ya yi 24 a Arizona State a 2002, aka yi ta surutu a kan rashin saurinsa a gwaji, ya sauka na goma, ya gama da 139. Sau nawa za a maimaita mana darasi ɗaya?

Kada wanda ya kawo min Danielle Hunter. Na san shi ma 4.5 ya yi a LSU, na san ya zama babban ɗan wasa. A zagaye na uku Minnesota suka ɗauke shi a 2015, na 88. A nan ake yin irin wannan kasadar, inda in ta ƙi ba a yi asara mai yawa ba. Ku ɗauki Stewart na 88, ni zan fara tafa muku.

Bari in yi maganar da ke zuciyata. Ba na ƙin yaron nan. Ba shi ya rubuta hasashen ba, shi dai ya je ya yi gudu kamar yadda aka ce ya yi. Tausayinsa nake ji. Duk wanda aka ɗauka a goman farko, ƙungiyar da ta sha kashi bara ce ta ɗauke shi, magoya baya na jiran ceto tun wasan farko, kocin ma kujerarsa na rawa. Yaron da ke buƙatar shekara biyu ko uku a koya masa amfani da hannu da yadda ake ƙarasa kamu, in aka jefa shi can, kafin ya koya an riga an laƙaba masa sunan asara. Zaɓen da ya fi ƙarfin mutum ba gata ba ne. Ina kuma jin zafin abin da ake yi wa Ezeiruaku, ba don sunansa ya nuna jininsa daga Najeriya yake ba, ko da yake hakan na faranta min rai. Yaro ya yi shekara huɗu a makaranta ɗaya, ya yi duk abin da aka ce a yi, sannan a ce masa ya koma baya saboda inci biyu. Bambancin zagaye na farko da na biyu miliyoyin daloli ne, da kwantiragin shekara huɗu da aka lamunce. Haƙƙin mutum ne ake wasa da shi a kan tef ɗin awo.

Abdul Carter ba ya cikin wannan gardamar, don haka ku daina cusa shi. Penn State suka matsar da shi daga lainbaka, mai tsayawa bayan layin tsaro, zuwa gefe a 2024, nan take ya yi sak 12, ya buga da Notre Dame da ciwon kafaɗa kuma duk da haka ba su iya riƙe shi ba. Ga jiki, ga aiki. Matsalar ƙafar da likitoci suka gano a Indianapolis ce kaɗai za ta sa a tsaya tunani. In lafiyarsa ƙalau, bai kamata ya wuce na uku ba.

Shi ma Mason Graham na ga an fara yi masa waƙar gajeren hannu, inci 32. A tsakiyar layi ba a ƙirga aiki da sak kawai, tunda sau da yawa mutum biyu ke hawa kanka. Ku koma wasan Ohio State na 30 ga Nuwamba, da Michigan ta ci 13 da 10, ku ga yadda shi da Kenneth Grant suka toshe tsakiya har Ohio State suka rasa ta inda za su bi. Ɗan kokawa ne tun a sakandare, kuma ana gani a yadda yake shiga ƙarƙashin mutum ya raba shi da ƙafafunsa. Shi ma aikinsa na nan a faifai, duk mai so ya je ya kalla.

Ranar Alhamis 24 ga Afrilu, 2025 aka sa za a fara zaɓen a Green Bay, mu nan ƙarfe ɗaya na dare ne, wayewar Juma'a. Ina da yaƙinin wata ƙungiya za ta kira sunan Stewart kafin na Ezeiruaku, domin masu zaɓen sun fi tsoron a ce sun bar ƙato ya wuce su fiye da a ce sun bar gwani. Hakan ba zai sa abin ya zama daidai ba. 4.5 dai 4.5 ce.

Tunda na ambaci kokawar Graham, akwai abin da ya daɗe yana cina. Osi Umenyiora, wanda Giants suka ɗauko daga Troy State a zagaye na biyu a 2003, ya ci Super Bowl biyu, ya taɓa yin sak 6 a wasa ɗaya a kan Philadelphia a 2007, shi ne ke jan ragamar neman 'yan wasa a Afirka. An yi sansani a Accra a 2022, an yi a Kenya a 2023, an yi a Legas a 2024. Allah ya saka masa da alheri, ya buɗe wa yara ƙofa. Amma duk wanda ya taɓa kallon gasar takobi ta Nijar, ya ga yadda 'yan kokawar Dosso da Tawa da Maraɗi ke karanta ƙafar abokin karawa, su kama ƙugu, su juya mutum mai kilo 100 kamar ba komai, ya san rabin aikin tsakiyar layi suna da shi tun suna yara. Haka na Sakkwato da Kebbi. Babu wanda ya taɓa nuna musu wannan ƙwallon ko a waya. A kawo sansanin nan Kano ko Yamai sau ɗaya, a sanar da Hausa a gidajen rediyo, a biya wa yara kuɗin mota, a ga irin mutanen da za su fito.