Kyautar Landan da masu gadin dabbobinmu

Duk shekara wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da zafi ke gasa mutanen Tawa a Nijar ana dakon shamuwa, akan yi wani biki a Landan inda Gimbiya Anne, ƙanwar Sarki Charles, ke miƙa kyautar Whitley ga masu kare namun daji daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Edward Whitley ne ya kafa gidauniyar a 1993. Yanzu duk wanda ya ci ana ba aikinsa fam 50,000, abin da ya haura sefa miliyan 35 a kuɗinmu. Manufar tana da kyau ƙwarai: ɗan ƙasa ake nema, wanda ke aiki a ƙasarsa tare da mutanensa, ba baƙon da zai yi bincike ya naɗe tabarmarsa ya tafi ba.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun sha ci. Inaoyom Imong ya samu a 2015 saboda goggon birin Kuros Riba, Rachel Ikemeh a 2020, Iroro Tanshi kuma a 2021 saboda wani jemage da aka daɗe ana zaton ya ƙare a yankin. A wannan shekarar ta 2021 ɗin dai Suleiman Saidu, mai gadin giwayen Yankari, ya karɓi kyautar Tusk wadda Yarima William ke jagoranta. Wannan ta fi yi mini daɗi, don mutum ne mai yawo da ƙafa a daji, yana kwana inda mafarauta ke kwana. Ban da hassada ko ƙanƙane, duk sun cancanta.

Sai dai tun da na zauna a Ingila nake kallon yadda aka gina ƙofar shiga waɗannan kyaututtuka, na ga ba da tsayin mutanenmu aka auna ta ba. Da Ingilishi ake cike takardun. Ana son kasafin kuɗi dalla-dalla, da manyan masana da za su tsaya maka shaida, da asusun banki na ƙungiya, da alƙaluman da ke nuna abin da ka yi. Idan ka kai zagayen ƙarshe ka zauna gaban alƙalai ka kare kanka. Kyautar Goldman ta Amurka, wadda Wangari Maathai ta ci a 1991 da Ken Saro-Wiwa a 1995, ita ba a ma nemanta. Sai wasu ƙungiyoyi da masana sun kai sunanka a asirce. Ke nan sai an san ka kafin a kai ka. Ɗan bokon Nijar da ya yi lakwal da Faransanci yana shan wuya a nan, balle wanda karatunsa na allo ne. Shi ya sa idan ka bi jerin waɗanda suka ci za ka yi ta cin karo da Kenya da Indiya da Brazil, ƙasashen Sahel kuwa sai an tona.

Alhali aikin yana nan. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai, kuma su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Kafin 2018 sun haura 600, har aka kwashi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi don kada a tara su wuri guda. Gwamnati ta hana farautarsu, ƙungiyoyi sun taimaka da rijiyoyi da ƙananan basussuka, an gode. Amma raƙumin dawa ba a cikin shinge yake ba. Cikin gonakin Zabarmawa yake kiwo, da rani ya gangara Dallol Bosso ya ci ganyen gawo, ya ɗebi mangwaro a garka, da kaka ya shiga wake. Manomin da ya tashi da asuba ya tarar an cinye masa waken da ya shanya, ya yi salati ya kore dabbar da sanda bai nemi bindiga ba, shi ne ya ninka 49 ɗin nan. Haka jagororin Kure, waɗanda suka san kowace dabba da zanen jikinta, suka san wadda ta haihu da wadda ta yi ɗingishi. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu a wurin, ɗaya daga cikinsu shugaban jagororin ne. Daga nan Faransa ta shafa wa kusan duk taswirar Nijar jan launi, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, abincin jagororin ya tafi tare da su. Raƙuman dai ba su daina cin wake ba.

Ina da kawu a Tabalak, kan hanyar Agadas, mai garkar albasa a bakin tabki. Tabkin yana cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, ta kare tabkuna da fadamu a duniya, ta amince da muhimmancinsu tun 2005, shi da na Ɗan Dutsi, amma Kawu bai taɓa jin sunan Ramsar ba. Abin da ya sani shi ne idan sanyi ya shigo tsuntsaye baƙi na sauka, kuma yara na bin su da danƙo da raga. Ya ɗora wa kansa hana su. Yana da buhun da yake tara ragar da ya ƙwace, sai uban yaro ya zo da kansa ya bayar. An yi masa tsegumi, an ce ko ma'aikatan gandun daji na biyansa ne. Da na yi masa waya na ce, "Kawu, a nan ana ba mai irin aikinka miliyoyi," dariya ya yi ya ce, "Ɗana, ka ce su aiko mini da tocila mai kyau da takalmin roba, macizai sun yi yawa a bakin ruwa." Na aika masa.

Abin da ke ba ni haushi, tsuntsayen da yake karewa na Turawan ne su ma. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wata ƴar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ta ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Da aka bincika sai aka gane farin da ya faɗa wa Sahel ne ya kashe su, don a wurinmu suke yin hunturu. Tun lokacin masana a nan suka san cewa abin da ya samu tabkin Sahel yana isowa lambun Ingila. Sanin bai zama kuɗi a aljihun mai garka ba.

A 2018 kyautar Right Livelihood ta Suwidin ta je hannun mutum biyu da suka shafe mu. Ɗaya Yacouba Sawadogo ne, manomin Burkina Faso wanda ya farfaɗo da dabarar haƙa ramuka a zuba taki, wadda mu ke kira tassa. Manoman Illela sun je Yatenga, yankin su Sawadogo, sun gano ta a 1989, yau ga ta ko'ina a Adar. Ɗayan Tony Rinaudo ne, ɗan Ostireliya, wanda ya zauna a Maradi yana koya wa manoma barin tohon kututture ya zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na gonakin Nijar. Rinaudo mutumin kirki ne, kuma shi da bakinsa yake cewa manoma suka yi aikin, don haka ba shi nake nufi ba idan na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsarin nake nufi. Kyauta tana son fuska ɗaya da za a ɗauka hoto, mu kuwa aikinmu na gayya ne. Samun Sawadogo, manomi da yarensa, ya nuna ana iya yi idan an ga dama.

Amma kada in yi ta ɗora wa Landan laifi, don akwai abin da na gani a nan wanda ya fi kyautar girma. Maƙwabciyata tsohuwa ce mai ɗan fansho. Ta rataya kwanon tsaba a bayan ɗakinta, kuma duk wata banki na cire mata ƴan fam kaɗan zuwa RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye da mata suka kafa a 1889, wadda ke da mambobi sama da miliyan. Duk ƙarshen Janairu takan zauna bakin taga awa guda da takarda da biro tana ƙirga tsuntsayen da suka sauka, ta aika musu lissafin, ita da dubban ɗaruruwan mutane. Da irin kuɗinta ake sayen fadamu a killace, ake biyan masu gadi albashi. Manomi ma idan ya bar gefen gonarsa don tsuntsaye gwamnati na biyansa. Ba sa jiran kowa daga waje. Biki da gimbiya ado ne a kan wannan.

Mu fa? Tun juyin mulkin Yulin 2023 proje da yawa suka rufe, kuɗin waje ya ja baya, ana ta maganar dogaro da kai, har Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025. To ga wurin gwada dogaro da kan. Kuma kada wani ya ce mini ba mu iya karrama gwani ba. A Tawa aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a 1975, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan aka yi kaye na ƙarshe: gwamnati ta ba da miliyoyi, ƴan kasuwa su yi ta sanar da nasu, wannan doki, wancan babur, wani buhunan shinkafa, makaɗa na wasa sunan mai bayarwa. Alhazan albasar Galmi da ƴan kasuwar Ƙonni da mu ƴan ci-rani da ke tura kuɗi gida duk wata ba za mu gaza haɗa abin da ya kai ladan mai gadin tabki ba.

Ni a ganina ba kyautar miliyan 35 ga mutum ɗaya muke buƙata ba. Irin wannan kuɗi idan ya faɗo ƙauye gaba yake haifarwa. Jaka 30 duk wata ga mutum goma, da diyyar buhun wake ga wanda raƙumin dawa ya yi wa ɓarna, da ta shinkafa ga wanda dorina ta tattake wa gona a Ayoru, sun fi amfani. Maigari da liman da ma'aikacin gandun daji su zaɓi mutumin, a ji ta bakinsa da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek a saƙon murya na WhatsApp, ba dosiye ba. Waɗanda muka iya Ingilishi kuma mu zauna da matasan da suka gama jami'ar Abdu Mumuni suna aiki a Kure ko gandun dajin Termit, mu taya su cike takardun Whitley da na Rufford, wadda ke ba masu farawa ƙananan tallafi na ƴan dubban fam. Na kawo maganar a zauren ƴan Adar mazauna Turai, mutum kaɗan suka amsa, wani ya tambaya wa zai riƙe asusun. Tambaya ce mai kyau, kuma a kanta muka tsaya yanzu.