Kanada: jini kaɗai bai sayo musu 'yanci ba

Ina yawan cin karo da maganar nan wai Kanada ta zama ƙasa ne a kan tudun Vimy da ke Faransa, inda sojojinta suka yi nasara a kan Jamusawa a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tana da daɗin ji, amma ni ban gamsu da ita ba.

Ranar 4 ga Agusta 1914 Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, kuma babu wanda ya nemi shawarar Ottawa, babban birnin Kanada. Tunda Sarkin Ingila ya shiga, Kanada ma, da take ƙarƙashin daularsa, ta shiga ke nan, ko tana so ko ba ta so. Ƙasa mai mutum wajen miliyan 8 ta sa wa fiye da 600,000 kaki, kimanin 60,000 ba su dawo gida ba. A Ypres da ke Beljiyam, watan Afrilu 1915, Jamusawa suka saki iskar guba, samarin nan ba su da abin kare fuska, sai dai su jiƙa tsumma da fitsari su toshe hanci, su ci gaba da zama a ramukansu. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. A Vimy kuwa, cikin kwana huɗu suka rasa mutum 3,598, kuma kwamandan da ya jagorance su, Julian Byng, ɗan Ingila ne.

To me ya canza? Firayim Minista Robert Borden ne ya ƙi yarda a yi ta kwasar 'ya'yansu ba tare da an ji ta bakinsu ba. Ya nemi kujera a taron sulhu na Faris a 1919, ya samu, Kanada ta sa hannu a yarjejeniyar Versailles da kanta. Shi ɗin ma ba tsarkakke ba ne, domin dokar tilasta shiga soja da ya kawo a 1917 ta kusa raba ƙasar biyu. Masu jin Faransanci a Quebec suka ce wannan ba yaƙinsu ba ne, har sojoji suka harbe mutum huɗu a tarzomar 1918.

Inda na fi ganin 'yancin ya fito fili shi ne 1922. Birtaniya na shirin gwabzawa da Turkiyya a Chanak, ta aika neman sojoji kamar yadda ta saba. Firayim Ministan Kanada na lokacin, Mackenzie King, ya ce sai majalisar Kanada ta zauna tukuna, kuma ko soja ɗaya bai tafi ba. Shekara ta zagayo suka ƙulla yarjejeniyar kamun kifi da Amurka ba da sa hannun jakadan Ingila ba. Dokar Westminster ta 1931, wadda Birtaniya ta amince a cikinta Kanada ta riƙa yi wa kanta dokoki, hatimi kawai ta buga a kan abin da suka riga suka ƙwata. A 1939 sai da suka yi mako guda, majalisa ta amince, sannan suka bi Birtaniya cikin Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, kakanninmu ma sun zubar da jini a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi ta fama a Garwa da dutsen Mora a Kamaru har Jamusawa suka miƙa wuya a 1916, daga nan aka kwashe wasu zuwa Gabashin Afirka. Ba su da majalisa, ba su da Borden da zai tsaya musu. Kamarun da suka ci da yaƙi, Ingila da Faransa ne suka zauna suka raba ta tsakaninsu.